Shaidar Zur a Zauren Zuciya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci zuciya, Ya san abin da take bayyanawa da abin da take ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya rasa matarsa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalibi a shekara guda, har malaman tarihi suka sa wa shekarar suna shekarar baƙin ciki, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka. A Goron Dutse, kamar kowace unguwa ta cikin birnin Kano, idan mutum ya janye jikinsa daga jama'a, ya bar zuwa majalisa, ya rame ba tare da zazzaɓi ba, ba a rasa abin da za a ce a kansa. Wani ya ce ya cika sa abu a rai. Wani ya ce sammu ne, a nemi mai ruƙiya. Wani kuma, wanda yake ganin shi ne ya fi kowa kusa da gaskiya, sai ya ce ai ƙarancin tawakkali ne, mumini ba ya shiga damuwa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta fi sauran kama da ilimi, kuma ta fi su ɓarna. Annabi Ya'aƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai zarge shi ba. Nana Maryamu, a cikin zafin naƙuda da tsoron bakin mutane, ta yi burin da ma mutuwa ta riga ta, aka amsa mata da lallashi da ruwa da dabino. To wane ne mu da za mu auna imanin mutum da yawan fara'arsa?

Sai dai baƙin ciki daban, ciwon damuwa daban, kuma dole a rarrabe. Wanda aka yi wa rasuwa yana kuka, amma idan aka kawo masa jikansa yakan yi murmushi, idan kwanaki suka tura yakan koma kasuwa. Mai ciwon damuwa kuwa, abin ya zauna masa ne daram. Likitoci sun ƙididdige alamomi 9, suka ce idan 5 daga cikinsu suka haɗu a kan mutum kusan kullum har tsawon mako 2 ko fiye, suka kuma hana shi gudanar da al'amuransa, to ciwo ne. Sharaɗi ne ɗaya daga cikin biyar ɗin ta kasance ƙuncin rai mai ɗorewa, ko kuma gushewar jin daɗin abin da a da yake faranta masa. Sauran su ne lalacewar barci, ko ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, canjin cin abinci har a rame ko a yi ƙiba, mutuwar jiki, nawa a motsi da magana ko kuma kasa zama wuri guda, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba tare da ɗora wa kai laifin da ya wuce kima, sai tunanin mutuwa da yake ta dawowa.

A takarda ke nan. A tsakar gida ba haka abin yake zuwa ba. Bahaushe da wuya ya zauna gaban likita ya ce yana cikin baƙin ciki, kunya da dattako ba za su bar shi ba. Abin da zai ce shi ne kansa yana ɗaukar zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu yana yi masa yawo a jiki, abinci ba ya yi masa ɗanɗano. Sai a yi ta gwajin maleriya da taifot, a yi ta sayen maganin ƙarin jini a kemis. Na ga magidancin da yake farkawa tun ƙarfe uku na dare, ba don tahajjudi ba, ya zauna bakin katifa yana jin ladan na farko da na biyu, masallaci yana ƙofar gidansa amma ɗaga buta ya zame masa aiki. Da hantsi matarsa ta ajiye masa koko da ƙosai, azahar ta zo ta tarar da kwanon yadda ta bar shi. Ƙaninsa ya shigo ya ce, "Yaya, ka daure ka leƙa shago mana, yara su kaɗai ne." Ya ɗaga kai ya ce, "To, in na je me zan yi?" Ba gardama yake yi ba. Har cikin ransa bai ga abin da zuwansa zai ƙara ba.

Haka mai jego da take zaune da jariri a cinya, gida cike da 'yan barka, ita kuwa hawaye take ɓoyewa, tana jin ba ta iya uwa ba, tana tsoron faɗa kada a ce ta butulce wa kyautar Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna gamuwa da wannan ciwo, a 2023 kuma ta ƙiyasta masu fama da shi a duniya sun kai kimanin miliyan 280, mata sun fi maza yawa. A rahotonta na 2017 ta ƙiyasta wa Najeriya mutum miliyan 7.

Magabata ba su jahilci wannan ba. A Ƙairawan, garin mai Risala da muke karantawa a zaurukanmu, likita Ishaƙ ɗan Imrana ya rubuta maƙala sukutum a kan wannan ciwo tun kafin a haifi mai Risalar, Ibnu Abi Zaidin. Abu Zaidi al-Balkhi kuwa, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi, ya raba shi biyu, kashi ɗaya a kan gyaran jiki, ɗayan a kan gyaran rai. A ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasa masoyi ko dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili. Na biyun ya jingina shi ga jiki, ya ce a nema masa maganin jiki. Na farkon ya ce ana yaƙarsa ta waje da nasihar mai hikima, ta ciki kuma da tunanin da mutum zai horar da kansa a kai, har ya ba da shawarar a tanadi kyawawan tunani tun ana lafiya domin ranar buƙata. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ya fassara ɓangaren gyaran rai zuwa Turanci a 2013. Ba na kawo wannan don in ce duk abin da Turawa suka gano mun riga su, irin wannan alfahari ba ya warkar da kowa. Na kawo shi ne don mai karatu ya san cewa neman dalilin ciwon rai a cikin tunani ba baƙon abu ba ne a gidan Musulunci.

Wanda ya tsara wannan bayani a zamaninmu shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2021. An horar da shi a kan mazhabar Freud, wadda take cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya juya wa kansa. Ya shiga binciken mafarkan marasa lafiya don ya tabbatar da haka, sai ya tarar da wani abu daban: mafarkansu cike suke da asara da faɗuwa da kora, irin dai abin da suke faɗa wa kansu ido biyu. Daga nan ya lura cewa akwai wasu tunane-tunane da suke gilmawa a zuciyar majiyyaci da sauri, ba da gayyata ba, kuma yana karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. A 1961 ya fitar da ma'auni mai tambayoyi 21 na gwada zurfin ciwon, a 1967 ya fitar da littafin da ya shimfiɗa ra'ayinsa.

Ga gundarin maganarsa. Mai ciwon damuwa yana kallon abubuwa uku da baƙin ido: kansa, duniyar da yake ciki, da gobensa. Ni ba ni da amfani; mutane ba sa ƙaunata kuma komai ya fi ƙarfina; haka kuma za a dawwama. Ƙarƙashin waɗannan akwai wata aƙida game da kai da ta kafu tun ƙuruciya, wataƙila daga maraici, ko gori, ko duka da zagi, ko kwatanta yaro da ɗan'uwansa kullum. Tana kwance shekara da shekaru ba ta motsi, sai ranar da wata musiba mai kama da ta farko ta taɓa ta. Idan ta farka sai ta riƙa tace duk abin da zai shiga zuciya, ta bar abin da ya dace da ita ya wuce, ta tare saura.

A nan ne nake ganin ɗalibin fiƙihu zai fi kowa saurin fahimta. Alƙalin da ya karanta littafin Tuhfa ba ya yanke hukunci don kawai wani ya tsaya ya ce na gani. Sai an tsarkake shaidu, sai an tabbatar ba gaba tsakanin mai shaida da wanda ake ƙara, sai an yi wa wanda ake tuhuma i'izari ko yana da abin da zai kare kansa. Zuciyar mai ciwon damuwa kotu ce da aka rushe waɗannan ƙa'idoji a cikinta. Shaidu masu gaba da shi kaɗai ake saurare, ba a tsarkake su, ba a yi masa i'izari, kuma shi ne alƙalin, shi ne wanda ake tuhuma.

Duba yadda shaidar take gudana. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ba da kaya bashi an gudu da kuɗinsa, sai ya ce duk abin da na taɓa lalacewa yake yi. An ɗauki rana ɗaya an shafe shekara ashirin na ciniki da ita. Ya gai da maƙwabci a hanyar masallaci, maƙwabcin hankalinsa na wani wuri bai amsa da kyau ba, sai ya ce ya ji labarin karayata, ya raina ni. Hukunci ba hujja. Mutum goma sun yaba masa, ɗaya ya kushe, da maganar ɗayan zai kwana. Ɗansa ya faɗi jarrabawa, ya ce laifina ne, ko da yake ajin gaba ɗaya sun faɗi. Abin kirkin da ya yi kuwa sai ya ce ai kowa ma zai iya. Kuma ba shi da tsaka-tsaki: ko dai ya zama attajirin da yake a da, ko kuma shi ba kowa ba ne. Albert Ellis, wani masanin na Amurka da ya fara koyar da irin wannan tun wajen 1955, ya taƙaita shi da cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai abin da ya ƙudurta, kuma wannan na tsakiyar ne yake yanke yadda zai ji. Shi ya sa gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 za ta cinye shagunan mutum biyu a layi ɗaya, ɗaya ya yi kuka ya tashi neman jari, ɗayan ya shige ɗaka.

Wani reshen bayanin ya fito daga Martin Seligman, wanda a 1967 ya nuna cewa dabbar da aka saba mata da wahalar da ba ta da ikon kauce mata, ko an buɗe mata hanya daga baya ba ta yunƙurin fita. A 1978 shi da abokan aikinsa suka gyara ra'ayin don ya dace da ɗan Adam: abin da yake karya mutum shi ne ya fassara musiba da cewa daga gare ni take, ba za ta gushe ba, kuma ta shafi komai nawa. Duk wanda ya bi ta gaban gidan yarin Goron Dutse ya tuna cewa mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, bai buƙaci dogon sharhi ba. Wanda aka ɗage masa zama sau da yawa, wata rana zai daina tambayar yaushe ne na gaba.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya. A garin da addini ya ratsa harshe da jini kamar Kano, wannan shaidar zur da rigar malamai take shigowa. Majiyyaci ba zai ce ni ba ni da amfani kawai ba, cewa zai yi Allah Ya yi fushi da ni, addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki, ni munafuki ne, zunubina ya fi ƙarfin gafara. Nauyin jikin da ya hana shi jam'i, wanda alamar ciwo ce, sai ya zama hujja a kansa. To idan ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ya zo ya ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, wannan rashin tawakkali ne," me ya yi? Ya shiga layin shaidun da suke gaba da shi, ya kuma sa wa ƙaryarsu hatimin addini. Mutumin zai ce, ka ji, har Malam ma ya gani.

Ba haka Manzon Allah ya yi ba. Muslim ya ruwaito labarin Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, wanda ya yanke wa kansa hukuncin munafunci saboda yanayin da yake ji a majalisar Annabi yana raguwa idan ya koma cikin iyali da sana'a. Ba ina cewa Hanzala yana da ciwon damuwa ba ne. Tsarin kuskuren nake nunawa, an ɗauki abu na ɗabi'a an gina mummunan hukunci a kansa. Annabi bai tsawata masa ba, bai kuma ce ya ƙara ƙoƙari ba. Ya gyara masa ma'aunin ne, ya nuna masa cewa zuciyar ɗan Adam dama lokaci-lokaci ce. Haka ya hana camfi da shu'umci, ya so kyakkyawan fata, ya yi umarni da kyautata zato ga Allah. A cikin addu'ar da Anas ya ruwaito ya nemi tsari daga zullumi da baƙin ciki a jere da gajiyawa da kasala da nauyin bashi, malamai irin su Ibnul Ƙayyim suka ce na farko na abin da ke tafe ne, na biyu na abin da ya wuce. Ba a neman tsari daga abin da ba ya samun mumini. Nana A'isha kuma takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu mai laushi, saboda abin da ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciya. Ga gyaran tunani, ga addu'a, ga abin da za a sa a ciki.

Maganin da aka gina a kan bayanin Beck bai wuce mayar wa kotun nan ƙa'idojinta ba. Ba cewa ake yi ka daina tunani ba, wannan kowa ya faɗa masa ya gagara. Ba kuma yaudararsa ake yi da cewa komai lafiya ba. Ana koya masa ya kama tunanin a lokacin da ya gilma, ya rubuta shi, sannan a tambaya: mece ce hujjar wannan, mece ce hujjar kishiyarsa? Da amininka ne ya faɗa wannan hali, haka za ka ce masa? Ka ce ba wanda ya damu da kai, to wa ya biya kuɗin makarantar 'yarka wancan watan? Ana kuma haɗawa da ƙananan ayyuka da aka tsara, yau wanka da zama a ƙofar gida, jibi sallar la'asar a masallaci, domin a wannan ciwo aiki ne yake jawo sha'awa, jiran sha'awa kafin a motsa shi ne tarkon. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi. Kuma kamar yadda aka hana alƙali hukunci yana cikin fushi, malamai suka ƙiyasta yunwa da tsananin baƙin ciki a kai, haka ya kamata a hana majiyyaci yanke manyan shawarwari a wannan hali. Sakin aure, sayar da gida, ajiye aiki, duk su jira.

Amma kada a ɗauki bayanin nan a matsayin ƙarshen magana. Masana sun yi masa tambaya mai nauyi: shin baƙin tunani ne yake haifar da ciwon, ko ciwon ne yake haifar da baƙin tunani? Abin da ya fi bayyana shi ne suna ciyar da juna, kuma a wurin wasu daga jiki abin yake farawa, ta gado, ko canjin jiki bayan haihuwa, ko ciwon maƙoƙo, ko wata doguwar jinya. Al-Balkhi ya riga ya bar wa wannan gurbi. Akwai kuma abin da ni ya fi damuna. Matar da mijinta yake dukanta, ko magidancin da kwanon masara ya fi ƙarfin aljihunsa, idan suka ce rayuwa ta yi tsanani ba kuskuren tunani suka yi ba, shaidarsu gaskiya ce. Wanda ya je musu da gyaran tunani kaɗai, ya bar zalunci da yunwa a inda suke, ya yi wasa da hankalinsu. A nan zakka da zumunci da tsayawar dangi su ne rabin magani. Abin da ake gyarawa shi ne ƙarin da ciwon yake yi a kan gaskiya, daga ina cikin wahala zuwa ni ne wahalar, kuma ba mafita har abada.

Ruƙiya da ayoyin Allah ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana ta ba. Abin ƙi shi ne ɗaure majiyyaci da mari, da dukansa da sunan fitar da aljani, da barinsa ya nemi sauƙi a kwalbar kodin, wadda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da ita a 2018 bayan ɓarnar da ta yi wa matasa da matan aure. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa na mutunci. Likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, amma mu a Kano muna da sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, muna da asibitin Dawanau a hanyar Katsina. Sunan Dawanau ya zama abin tsokana a bakin yara, shi ya sa iyalai da yawa suke jinkiri har abu ya yi nisa, alhali mafi yawan masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar.

Idan majiyyaci ya fara cewa gara ma ya huta, ko ya kama rabon kayansa da neman yafiya ba dalili, kada a ce wasa yake yi, kada kuma a rufe shi da wa'azin wuta. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, tambayar ba ta dasa masa abin da babu. A kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Idan likita ya rubuta ƙwayoyi, a sani ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware, ba a yankewa sai da shawararsa. Yawancinsu sau ɗaya ake sha a yini, don haka idan azumi ya zo sai a nemi likitan ya mayar da lokacin shan zuwa bayan buɗa-baki ko sahur.